Takardar da Masu Haƙa Suka Bari a Garin Barmo

Garin Barmo, ta Balbeji
18 ga Afrilu

Zuwa ga ɗiyata Zuhaira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki Rukaiya da mai gidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin rana. Tsohuwarmu Inna Yagana tana gaishe ki. Ƙafar tata tana nan yadda kika sani, amma tana cin abinci.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wajena, tunda rabonmu da juna tun rasuwar kakanki, shekara shida ke nan. Ni da uwarki 'ya'yan wa da ƙane ne, shi ya sa ban ga dalilin kai maganata wajen bare ba, alhali ina da ɗiya mai koyar da Ingilishi a kwaleji. Ban kira ki a waya ba domin a nan sai an hau tudu ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, tudun kuwa ba ya rabuwa da mutane.

Ga abin da ya faru. Wata ƙungiyar agaji ta aiko mana da masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Suka zaɓi bakin gonar kakanmu Adamu, wadda har yau ba a raba ba, uwarki ma tana da rabo a ciki. Kwana goma sha tara suna aiki. Ranar kasuwar Balbeji, maza duk sun tafi, suka rufe bakin ramin da ƙarfe, suka walda shi, suka kwashe kayansu suka tafi ba sallama. Bayan kwana biyar direbansu ya kawo wa mai gari Attahir takarda a ambulan. Injiniyan nasu mutumin Gana ne, da Ingilishi ya rubuta. Mai gari ya miƙo mini, da yake ni ne sakataren kwamitin ruwa kuma na yi lakwal, wato boko, har aji shida.

Na kwafo miki abin da ya shafi ruwa, harafi bayan harafi:

Day 19. At 212 metres water gushed out of the pipe.
gushed from his arm
We closed the well.

Kalmar nan gushed ita ta raba garin biyu. Ni a ganina magana a fili take: ruwa ya gushe, wato ya tafi, babu shi, shi ya sa suka rufe. Amma Abdulgani, wanda ya yi shekaru yana dako a tashar jirgin ruwa ta Ikko, ya rantse cewa kalmar masu man fetur ce. Tun masu haƙar suna cikin aiki yake cewa ba ruwa ya kawo su ba.

Ki duba mini, ki rubuto abin da kika gani, ki ba Husaini mai motar kasuwa, shi ya kawo miki wannan. Kada ki nuna wa kowa, ko uwarki, sai mun san inda muka tsaya.

Kawunki,
Hashimu

Damagaram
23 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu Hashimu,

Ina gaishe ka gaisuwar girma. Takardarka ta same mu lafiya. Mama tana nan da sauƙi, hawan jinin ne dai yake tashi idan rana ta yi yawa. A gaishe mini da Inna Yagana, a ce mata ban manta furar da take dama mini ba.

Kawu, kalmar nan ba ta da dangantaka da gushewa tamu ta Hausa. Kama ce kawai ta ido. Idan aka ce da Ingilishi abu ya yi gush, ana nufin ya ɓalle ya fito da ƙarfi, da yawa, a lokaci guda. Kamar tiyo ya fashe ruwa ya yi tsiri sama, ko salka ta yage a bayan jaki. Ba a faɗarta ga abin da ke ɗiga ko tsatsafowa. Ana faɗarta ga ruwa, ga hawaye, ga jini idan an yanke jijiya. Har mutum ma, idan ya cika zuba yabo ba tsayawa, da ita suke kwatanta shi. Layin farko yana cewa a mita ɗari biyu da goma sha biyu ruwa ya ɓulɓulo daga bututu da ƙarfi. Kun samu ruwa, Kawu, mai yawa ma.

Don kada in ɓoye maka komai: Abdulgani bai ƙirƙiri tasa maganar daga iska ba. Akwai wata kalma 'yar'uwarta, gusher, da masu haƙar fetur suke kiran rijiyar da mai ke fita daga cikinta da kansa. Wataƙila ita ya taɓa ji. Amma ba ita ce a takardarka ba, kuma an rubuta water ƙarara a gaba.

Layi na biyu ne ya tsaya mini. Ma'anarsa: ya ɓulɓulo daga hannunsa. Babu farkon maganar, babu ƙarshenta. Rijiya ba ta da hannu, kuma ruwa ba ya fita daga hannun mutum. Wani abu ne daban ya fito, daga jikin wani. Hannun wa? Sannan tsakanin wannan layin da na rufe rijiya dole akwai dalili a rubuce, domin babu mai samun ruwa haka ya walda ƙarfe ya tafi.

Ka ce ka kwafo abin da ya shafi ruwa. Yaya aka yi ka gane wanda ya shafe shi da wanda bai shafe shi ba, tunda ba ka karanta harshen? Ba rashin kunya nake yi maka ba, tambaya ce. Ka aiko mini da takardar kanta, ko ka sa wani mai babbar waya ya ɗauki hotonta. Zan mayar maka da ita a motar da ta kawo ta.

Ban faɗa wa Mama ba tukuna, kamar yadda ka ce, ko da yake ban ga abin ɓoyewa a samun ruwa ba.

Ɗiyarka,
Zuhaira

Garin Barmo
2 ga Mayu

Zuhaira,

Ina gaishe ki, ina gaida uwarki, Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu muna nan. Tsohuwar rijiya ta koma ba da laka. Mata suna jera bido, jarkokin ruwa, tun hantsi har la'asar, wata ta koma gida da rabin guda. Gida huɗu sun kwashe sun nufi Falanko wajen danginsu. Makiyayan da suka saba sauka a kwarin Tarka sun wuce kudu da dabbobinsu tun makon jiya.

Na karanta takardarki sau uku. Kin fara da cewa ruwa ne, kika zo tsakiya kika ce akwai mai a cikin dangin kalmar. To wanne zan ɗauka? Da mai gari ya tambaye ni, na ce masa ɗiyata ta duba, ta ce maganar fuska biyu gare ta, a dakata.

Layin da kika riƙe, kuskuren idona ne. Rubutun mutumin a cukurkuɗe yake, na tsallake daga wani wuri zuwa wani. Kada ki ɗora komai a kansa. Takardar kuwa amanar mai gari ce, ba zan sa ta a motar kasuwa tsakanin buhuna da awaki ba. Mai babbar waya a garin nan Abdulgani ne kaɗai, kin kuwa san abin da ya shiga wayarsa ya shiga kunnen kowa.

Ni ma ina da tambaya, tunda an fara tambayoyi. Fili ya yi yawa a garin nan, gabas da yamma. Me ya sa sai gonar Adamu suka zaɓa? Wa ya nuna musu ita? Mu da muke noma ta shekara da shekaru ba a shawarce mu ba, sai ganin tuta muka yi an kafa. Ku kuna birni, kuna shiga ofisoshi, mai gidanki ma na ji ma'aikaci ne. An ce mini an ga uwarki a Tanut kafin azumi. Ba ta ƙaraso ta gaida Inna Yagana ba, mu ma ba ta aiko mana ba. Me ya kai ta?

Idan akwai abin da aka ƙulla a kan gonar nan, gara in ji daga bakinku. Ni ban yi zurfi a karatu ba, amma na lura da yadda kika yi saurin cewa ruwa ne, da yadda kika matsa sai takardar ta zo hannunki.

Ki gaida yara.

Hashimu

Damagaram
7 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Labarin rijiya da na waɗanda suka tashi ya dame ni ƙwarai.

Ban ce maganar fuska biyu gare ta ba. Na ce ruwa ne, na kuma ƙara maka bayani don kada gobe wani ya ce na rufe wani abu. Ka ɗauki gaskiyar da na yi maka ka kai wa mai gari a juye, da sunana a kai. Mutane suna barin gidajensu saboda an ce musu a dakata, kuma ni aka ce na faɗa.

Tunda ka sa Mama a ciki, dole na karanta mata takardunka biyu. Ta ce in gaya maka ta'aziyya ta kai ta Tanut, ƙawarta Halimatu ce ta rasa miji, kwana ɗaya ta yi ta juyo saboda jikinta. Ta ce ko ƙwayar hatsi ɗaya ba ta taɓa nema daga gonar nan ba tun da aka kai ta ɗaki, ba kuma yanzu za ta fara ba. Mai gidana malamin lissafi ne, ofishinsa allo da alli. Masu haƙa kuwa na'ura suke bi, inda ta nuna nan suke kafa tuta.

Bari ni ma in faɗi abin da ke raina, ka yi haƙuri da shi. Wa zai amfana idan gari ya yarda babu ruwa? Idan foraj ya tashi, bakin gonar zai zama na kowa, dabbobi za su tattake ta, kwamiti zai yanka fili. Idan kuwa mutane suka watse, gona tana nan ga mai noma ta, da ramin ruwa a rufe a gefenta har ranar da ya ga dama. Ban so wannan tunanin ya zo mini ba, amma kai ka ba shi hanya: ka zaɓo layi uku, ka hana hoto, ka ce kada Mama ta ji.

Kuma ido ba ya tsallake ya ƙirƙiro kalma huɗu na harshen da bai sani ba. Layin nan yana cikin takardar.

Ka ba Husaini ita a wannan zuwan. Idan kana tsoron ta lalace, ka naɗe ta a leda ka sa masa a aljihu.

Zuhaira

Damagaram
24 ga Mayu

Kawu Hashimu,

Ina gaishe ka, ina fatan shirun nan ba na rashin lafiya ba ne. Sau biyu ina zuwa tasha. Husaini ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, ka karɓa ka juya. Shi ya gaya mini an kai Inna Yagana gidan likita a Balbeji saboda gudawa, an ce ruwan laka ne, amma an sallamo ta. Da ban tambaya ba da ban ji ba.

Da na zo da kaina, sai dai an sa ni cikin masu shirya jarrabawa, ba a ba da izini sai ƙarshen Yuni. Don haka na rubuta wa mai gari Attahir takarda da Hausa, na faɗi ma'anar layin farko, na kuma ce akwai sauran da ban gani ba. Tana nan a jakata. Idan motar mako mai zuwa ta iso babu komai daga gare ka, zan ba da ita.

Na yi ta juya layin nan na biyu a kwanakin nan. Abu ɗaya ne na sani yake fita daga hannun mutum da irin wannan ƙarfin. Kawu, wa ya ji ciwo a wajen nan?

Zuhaira

Garin Barmo
28 ga Mayu

Ɗiyata Zuhaira,

Ina gaishe ki. Inna ta dawo gida, tana shan kunu, amma ta rame. Ga takardar nan a cikin leda, shafi biyu ce. Kafin ki buɗe ta ki karanta tawa.

Ranar nan ban je kasuwa ba. Na fita da gatari zan saro wa awaki ganye, hanya ta bi da ni ta bakin gona. Kwana da kwanaki Abdulgani yana zuba mana cewa fetur suke nema, in sun samu za a tashe mu a kewaye wurin da waya, ko kabarin iyayenmu ba za mu ƙara gani ba. Ina yi masa dariya a gaban mutane, amma maganar ta zauna mini.

Ina tsaye sai ƙasa ta yi wani irin gurnani, abu ya fito daga bututun ya yi sama ya fi tsawon gawo. Baƙi ne, mai kauri, yana wari. Ma'aikatan suna ihu suna tsalle. Sai na ga ɗayansu, Isma'ila, mutumin Tanut, wanda kullum yake zuwa gidana karɓar nono, ya ruga ya kama wani ƙarfe yana murɗawa, abin ya fara ja da baya. Na ce a raina shi ke nan, sun samu, za su rufe kafin gari ya dawo. Na isa wurinsa na ce ya bari. Bai ji ni ba saboda ƙarar inji. Na ɗaga gatarin da nufin in buge hannunsa da ƙota. Ban san yadda ya juya ba. Kaifin ne ya sauka.

Kin tambayi abin da ya fito. Na yanka dabbobi da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin jini ya yi tsartuwa haka ba. Ya kai har ƙirjin rigata. Isma'ila ya dube ni ya ce, "Baba Hashimu, ruwa ne fa." Injiniyan ya cire ɗamararsa ya ɗaure masa dantse, suka sa shi a ƙaramar mota. Ni kuwa na bi ta cikin kwari na binne rigar, na zauna ƙarƙashin wata aduwa har na ji manyan motocin sun tashi.

Tun ranar nake jiran jandarma su zo su kama ni. Da takardar ta zo, mai gari ya sa ta a hannuna, ni da kaina. Na nemi sunana ban gani ba, amma na ga Ismaila, na ga hospital, na ga gendarmerie, waɗannan ko da Faransancina na gane su. Su na tsallake. Rabin layin nan ya shigo ne don na ga kalmar ta sake fitowa, na zaci maganar ruwa ce.

Abu biyu na so ki ce mini: ko ruwa ya gushe, a bar maganar, ko fetur ne, in samu abin da zan kare kaina da shi. Ba ki ba ni ko ɗaya ba, sai na huce a kan uwarki. Ban taɓa tunanin riƙe gona ba, wannan kam ki cire shi. Amma abin da na yi ya fi wanda kika zarge ni da shi muni.

Ranar da aka ɗora Inna a amalanke za a kai ta Balbeji, ta riƙe hannuna tana cewa in nemo mata ruwa mai kyau ko kofi ɗaya. Ni kuwa na san inda yake.

Ki karanta mini duka, kada ki rage komai. Ko Isma'ila yana da rai ma ban sani ba.

Hashimu

Damagaram
30 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka, a duba mini Inna. Ban jira motar kasuwa ba, na ba da wannan ta hannun wani ɗan'uwan mai gidana da zai wuce Balbeji gobe.

Isma'ila yana da rai, aƙalla ranar da aka rubuta takardar. Ga abin da ke cikinta, ban rage ba. Ruwan da ya fara fita baƙi ne saboda laka da abin da suke zubawa a rami lokacin haƙa, da an bar shi awa biyu zai washe. Isma'ila ya je rage iskar inji ne don kada bututu ya tsage. Wani mutumin gari ya sare shi, jini ya ɓalle daga hannunsa, an kai shi asibitin Tanut an ɗinke. Injiniya ya so ya kai ƙara jandarmeri, Isma'ila ya hana, ya kuma ƙi faɗin sunan mutumin, ya ce ya ci abincin gidansa. Sun rufe rijiyar don kada yara su jefa duwatsu. Ba za su dawo su sa famfo ba sai mutumin ya bayyana kansa, mai gari kuma ya ɗauki alkawarin tsaron ma'aikata. Suna Tanut har goma ga Yuni, daga nan aikinsu ya koma wata jiha.

Wannan layin na ƙarshe yana hannunka tun watan Afrilu. Yau saura kwana goma sha ɗaya.

Na zarge ka da kwaɗayin gona, ban yi daidai ba, ka yafe mini wannan. Sauran kuwa ba ni ce mai yafewa ba. Na karanta takardarka a ɗakin malamai, na kasa shiga aji na gaba. Ina tuna lokacin da kake ɗora ni a wuya ka kai ni kallon raƙuma, na kasa haɗa wancan mutumin da mai binne riga.

Takardar da na rubuta wa mai gari ban yaga ta ba, ban kuma aika ba. Na fi so ya ji daga bakinka. Ka fara da Tanut. Akwai lambar waya a ƙasan shafi na biyu, na sake rubuta maka ita da manyan lambobi. Mama ba ta san wannan ɓangaren ba.

Ɗiyarka,
Zuhaira

Garin Barmo
22 ga Yuni

Zuwa ga ɗiyata Zuhaira,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi ta lafiya. Inna Yagana ta fara takawa zuwa ƙofar gida. Hadari yana haɗuwa ta gabas amma bai sauka ba tukuna.

Washegarin da takardarki ta zo na tafi Tanut. Na sami gidan su Isma'ila a bayan kasuwar dabbobi. Yana zaune a zaure, hannun a rataye. Mahaifiyarsa ta kawo mini ruwa ba ta san ko ni wane ne ba. Na faɗa mata da bakina, ta ɗauke kwanon ta shiga ciki.

Yatsunsa biyu ba sa lanƙwasawa, likita ya ce da wuya su dawo. Na ce masa ga ni, in jandarma ne mu tafi yanzu. Ya ce, "Da ina so da tuni an zo an ɗauke ka. Wata biyu ina jira in ga ko za ka zo da ƙafarka." Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Ba a zaure za ka faɗa ba. Garinku sun ɗauka mun gudu da aikinsu, har wani ya tare direbanmu a kasuwa ya kira shi ɓarawo. Ka je ka faɗa inda za su ji."

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci na faɗi komai, har da yadda na juya maganarki. Babu wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi sauƙi. Wani daga cikin waɗanda iyalinsu suka tafi Falanko ya tashi ya ɗauki takalminsa tun ban gama ba. Abdulgani ya ce shi bai taɓa cewa a sari kowa ba, kuma gaskiyarsa ne. Mai gari ya karɓi littafin kwamiti daga hannuna a wurin, ya sa aka rubuta alkawarin, ya kai Tanut da kansa ranar takwas ga wata.

Babbar motar haƙa ta riga ta tafi, amma sa famfo ba ya bukatarta. Mutum uku suka zo kwana huɗu kafin salla, Isma'ila ne ya jagorance su, ko da yake an ce ya zauna ya huta. Da aka zo ɗaure bututu ya kama kile, ƙarfen ɗaurewa, da hannun mai ciwon, ya zame masa sau biyu. Ya waiwaya cikin taron nan duka ya ce, "Baba Hashimu, zo ka riƙe." Na riƙe, yana faɗa mini inda zan juya, har aka gama. Ruwan ya fito ja, ya koma fari kafin azahar. Gida biyu sun dawo daga Falanko, biyu sun ce sai bayan damina, in sun dawo ke nan.

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban sake tambaya ba. Yana da gona a arewacin Tanut wadda ba zai iya riƙe mata hauya ba bana. Na gaya wa mahaifiyarsa ni zan noma ta. Ta sa an nuna mini iyakarta. Idan ruwa ya sauka can zan fara, tawa ta jira.

Kada ki faɗa wa uwarki komai. Idan na gama shuka zan zo Damagaram in zauna a gabanta in faɗa mata da kaina, da abin da na yi da abin da na ce a kanta. Ki dai sanar da ita ina tafe, don kada ta gan ni kwatsam jininta ya hau.

Kawunki,
Hashimu